Tsohon objektif mai shigewa ciki a kan kamarar zamani, a tura shi ko a bar shi waje?

Lawali Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nike nema dan tun jiya hankalina bai kwanta ba. Cikin adakar kawuna Allah ya jiƙan shi muka tarar da wata tsohuwar kamara Zorki, shi Rasha ya yi karatu zamanin Tarayyar Sobiyet to da alama daga can ya taho da ita. Objektif ɗin, wato gilashin ɗaukar hoto na gaban kamarar, ɗan ƙarami ne fari kamar azurfa, ana jawo shi waje a murɗa ya kulle, in an gama a kwance a tura shi ya shige cikin kamarar ya lafe. An rubuta 1:3,5 F=5cm da rubutun Rashawa sai wani jan harafi mai kama da ƙofa. Na sa aka kawo mini zoben haɗi daga Kano na ɗaura shi kan Sony A6000 ɗina, hoto ya hito wlh har da daɗin kallo, amma da zan sa ta jaka sai na tura shi ciki yadda yake shiga a Zorkin, kawai naji ƙwas ya tsaya a rabi. Ban matsa ba na jawo shi. Yanzu duk hoton da na ɗauka sai in ga baƙin ɗigo biyu ta sama. Na kashe kamarar ne ko mi?

Habu Kara-Kara:
Inna lillahi hhhh kai ma dai, ƙarfen kakanni kan kamarar jikka ɗari da wani abu. Telefon bai ishe ka ba?

Mamman Gyara:
Wa alaikumus salam. Lawali kar ka ƙara tura shi, ko da wasa. Cire zoben ka haska cikin kamarar da tocin telefon ka duba baƙin filastik ɗin nan da ya kewaye kaptar, wato ɗan farantin da hoto ke sauka a kai maimakon fim, ina kyautata zaton za ka ga inda ya karce. In haka ne ɗigon da kake gani ɓawon fenti ne ko garin filastik ya faɗa kan gilashin kaptar, ba kaptar ɗin ya fashe ba. Kuma ka duba ta ƙasa ba ta sama ba, dan hoto a kife yake sauka kan kaptar, abin da ka gani sama a hoto yana ƙasa a ciki. Kar ka hura da baki, kar ka sa auduga.

Lawali Ɗan Birni:
Wlh yaya Mamman gaskiyarka, ga ɗan zane nan a filastik ɗin wurin biyu, kamar an ja da farce.

Mamman Gyara:
To ka gode Allah filastik ɗin ya tare ma faɗa. Da babu shi abin da ke gaba labule ne, wanda ke buɗewa ya rufe in an danna hoto.

Mushe Ibro:
Sannunku. Lawali wannan Industar-22 ne kake riƙe da shi, masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ke yin su tare da Zorki, jan harafin nan kuma alama ce ta cewa an yi ma gilashin shafe mai rage ƙyallin haske. Siffar jikin shi kwaikwayon objektif Elmar ne na kamarar Leica, wanda Max Berek ya tsara a Wetzlar ta Jamus. Leica ta farko ta shiga kasuwa 1925, ku lura lokacin nan Damagaram ce babban birnin Nijar dan sai 1926 aka maida Yamai. Dalilin shigewar kuwa Oskar Barnack, wanda ya ƙirƙiro Leica, so yake kamara ta shiga aljihun kwat, shi ke nan, ba wani sirri.
Yanzu bari in yi muku lissahi tunda aikina ne. Duk objektif mai zaren M39 na Leica, daga kafaɗar shi inda yake zama zuwa fim milimita 28,8 ne. Sony E daga baki zuwa kaptar 18. To zoben da ka sayo kaurin shi 10,8 ke nan, cikon tazara kawai yake ba abin da yake ƙarawa. Fuji X 17,7 ne zobe 11,1. Olympus da Panasonic masu ƙaramin kaptar 19,25. Nikon Z 16, Canon RF 20. Abin da nike so ku gane, nisan daga kafaɗar objektif zuwa inda hoto ke sauka ɗaya ne a ko'ina, 28,8 ɗin nan, ko Zorki ko Sony. Abin da ya bambanta shi ne mi aka jibge a kan hanya. Cikin Zorki fili ne fetal har ka kai labulen ƙyalle da ke dab da fim. Cikin kamarar zamani akwai 'yan alluran lantarki a baki, akwai akwatin filastik, akwai labulen ƙarfe mai siraran ganye, sannan gilashin tace haske a gaban kaptar ɗin kan shi.

Habu Kara-Kara:
Mushe an shigo da allo da alli hhh. Za a yi kompozisiyon ne bayan nan?

Sani Yamai:
Ni fa ban yarda da tsoratar da mutane haka ba. Elmar 5cm f/3,5 ke gare ni kan A7 III shekara biyu ke nan, kullum tura shi nike har ƙarshe in sa kamarar cikin 'yar jakar kafaɗa in hau moto, ko ƙwarzane babu. Matsalar Lawali kamarar shi ce mai ƙaramin kaptar, 23,5 da 15,6 ne, akwatin da ke kewaye da shi matsattse ne bututun ba zai wuce ba. Nawa 36 da 24 ne daidai girman fim, ɗakin da faɗi. To mi ye amfanin objektif mai naɗewa in ba za a naɗe shi ba? Kamar ka sayi tabarma ka ce ba za ka taɓa naɗe ta ba.

Mamman Gyara:
Sani ai kai sa'a ka taka kake kiran ta ilimi.

Sani Yamai:
Ba sa'a ba ce malam, aunawa na yi. Kuma in ya shige duka bakin gaba zama yake kan gindin objektif ɗin, ko an buge shi ba ya iya wuce nan. Ina hatsarin?

Mamman Gyara:
Wannan na yarda, in ya zauna ya zauna. Amma bari in lissafa ma inda ake faɗawa tunda ni ake kawo ma gawar. Na farko bututun tsohon objektif yana da wasa, abin da ke riƙe shi ciki ya cinye shekara saba'in, in kana turawa ba ya tahiya miƙe, yana ɗan karkacewa kuma a gindin shi akwai 'yan kunnuwan ƙarfe na kullewa, su ke karce duk abin da suka samu. Na biyu zoben haɗi na araha ba duka ke cika awo ba, da yawa da gangan ake rage musu kauri kaɗan dan a tabbatar sun kai nesa, to naka da na wani ba ɗaya ba. Na uku mutum ya manta ya ɗaura ko ya cire objektif yana naɗe, ka ga an shigar da bututun a karkace ana kuma murɗawa, wannan shi ya fi ɓarna wlh. Na huɗu sabbin kamarori akwai masu rufe labule in an kashe su dan ƙura, Canon EOS R haka take, A7 IV ma akwai wurin zaɓen haka a menu, kuma labulen nan yana gaban kaptar, ke nan ɗakin da ka auna da labule buɗe ya ragu. Ganyen labule ko yatsa ya taɓa shi ya lanƙwashe. Kuma ka san nan ba a samun shi, sai an aika Kano ko a jira daga waje, kuɗin kuwa ya kusa rabin kamarar.

Sani Yamai:
Tawa ba ta rufe labule in an kashe.

Mamman Gyara:
Taka. Ai ba kai kaɗai ke karantawa ba, gobe wani mai Fuji zai ce Sani ya ce a tura.

Baba Mai Hoto Zango:
Salamu alaikum yarana. Jikana ya karanta mini abin da kuke ta yi, na ce bari in sa baki. Ni shekara talatin da wani abu na yi ina wanke fim a ɗaki mai duhu kahin wannan zamani naku ya zo ya kore mu. Maganar ga ba sabuwa ba ce. Ita kanta Leica da ta yi M5 a 1971 da CL a 1973 ta sa wani ɗan hannu mai auna haske da ke tsayawa gaban labule, sai ya zamana tsohon objektif in an tura shi yana murƙushe ɗan hannun. Mi suka ce ma mutane? Suka ce a naɗa tef ɗin Dymo, mai kaurin nan na manna suna a jikin kaya, a jikin bututun dan kar ya shige duka. Masu abin da kansu fa. To kai Sani ka hi su sanin kayan su ne?

Mushe Ibro:
Baba ya yi gaskiya, kuma ko a littahin M9 ta 2009 mai kaptar cikakke sun rubuta cewa masu naɗewa a yi aiki da su a miƙe kar a tura su ciki, suka ware Macro-Elmar-M 90 kawai dan shi ko an naɗe shi ba ya kutsawa cikin kamara.

Sani Yamai:
Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma, ni ban isa in yi musu da ku ba. Amma masu kamfani kullum haka suke rubutawa dan kar a kai su ƙara. Mutane da yawa na naɗe Elmar kan M9 ɗin lahiya lau.

Baba Mai Hoto Zango:
Mutane da yawa na ƙetare kwalta ba su duba ba suna kai wa gida lahiya lau.

Habu Kara-Kara:
Hhhhh Baba ya gama da kai Sani, tashi ka ba da wuri

Zara'u Foto:
Sannunku da muhawara. Ni dai ba ruwana da wa ya fi wa gaskiya, ga abin da nike yi. Summitar 5cm f/2 ke gare ni kan Fuji X-T20, ina son shi wajen hoton amare dan yana tausasa fuska kuma bayan mutum yana wani murɗewa mai kyau in an buɗe shi duka. Ranar farko na ɗauko robar ɗaure gashi guda biyu masu kauri na naɗa a jikin bututun, shi ke nan ko na manta na tura ba ya zuwa ko'ina. A wajen biki mutum ba ya cikin hankalin shi, wannan na ja wannan na kira, ƙawayen amarya na ture ka, ba lokacin tuna wai kar a tura ba ne, gara abin ya ƙi turuwa da kan shi.

Mamman Gyara:
Hajiya dabarar ta yi amma robar gashi zafin Damagaram na cinye ta, watan huɗu da na biyar in rana ta haura 40 sai ta yi danƙo ta manne ko ta tsinke ba ki sani ba. Ki riƙa canzawa. Ni abin da na fi so guntun tiyo, irin na ruwa mai laushi, a yanka daidai tsawon da ake so a tsaga shi ta gefe ɗaya a rungumar ma bututun. Ko zoben roba na wajen masu gyaran moto, wanda suke ce ma juwan, a sa biyu ko uku. Skoc kuma ban so, gam ɗin shi na narkewa ya bi bututun ya shiga ciki ya kama ƙura.

Zara'u Foto:
To malam Mamman sai ka yanko mini tiyon, roba kuwa ai ba ta ƙarewa a jakata hhh

Lawali Ɗan Birni:
To yaya zan san tsawon da zan yanka? Ni so nike ya ɗan shiga ko kaɗan ne dan jakar tawa ƙarama ce.

Mushe Ibro:
Mai sauƙi ne kuma ba a kan kamara ake gwadawa ba. Cire zoben haɗin daga kamara ka bar objektif ɗin ɗaure a jikin shi. Murɗa saitin nesa ya kai ƙarshe wajen alamar nan mai kama da 8 a kwance, dan a nan ne objektif ya fi komawa baya. Sai ka tura bututun duka ka juyo ka kalli bayan zoben ta gefe. Za ka ga ya leƙo ya wuce haƙoran zoben da ke shiga cikin kamara. Sa regil ɗin 'yan lakkol ka auna nawa ya wuce, ka ƙara milimita 1 ko 2, wannan shi ne tsawon tiyonka. In ka sa ka sake turawa, ka aza bayan zoben kan tebur, in ya zauna daram bututun bai taɓa tebur ba to ka tsira, dan duk abin da bai wuce haƙoran zobe ba ba zai taɓa komi ba a ciki, ko wace kamara ce.

Sani Yamai:
In aka bi wannan ai ɗan abin da zai shiga bai taka kara ya karya ba. Santimita guda da 'yan kai.

Mushe Ibro:
Haka ne. To kai naka da ke shiga duka nawa ka rage? Ka auna ka gaya muna. A7 III da riƙon hannunta da ke turowa gaba ba ta shiga aljihu ko ka naɗe ko ba ka naɗe ba, abin da Barnack ya nema kai ba ka same shi ba, hatsarin kawai ka ɗauka.

Sani Yamai:
Mushe wannan kuma ka taɓa ni inda ke ciwo. Amma dai tana shiga 'yar jakata.

Baba Mai Hoto Zango:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa cikinku, ƙura. Ku da kuke Yamai ban sani ba amma mu nan in hunturu ya kama daga watan sha biyu har na biyu ko cikin akwati ƙura na bin kaya. Bututun nan in yana waje ƙura na kwanciya a jikin shi, ka tura ka kai ta ciki, ka jawo ka sake kwaso wata, kamar zugazugin maƙeri. Mu da fim ba mu damu ba dan kowane hoto sabon wuri ne, ku kuwa faranti guda gare ku har kamarar ta mutu. Sannan Lawali ɗana kar in ji ka goge gilashin nan da bakin riga. Gilashin da da shafen shi taushi gare su, yashin garin nan kuwa kaihi, ita ma Hajiya Summitar ɗinta ya hi naka saurin karcewa. A hura da 'yar robar iska tukun, sannan buroshi mai laushi, ƙyalle shi ne na ƙarshe.

Zara'u Foto:
Na gode Baba, wlh nawa da 'yan zane-zanen shi na same shi, in na fuskanci rana hoton sai ya yi hazo. Hular kwali na yi mishi tana taimakawa.

Habu Kara-Kara:
Tambaya ta gaskiya yanzu ba wasa ba. Akwai wani objektif a gidanmu mai zare irin wannan na tsohuwar kamara Zenit, zai hau zoben Lawali?

Baba Mai Hoto Zango:
Zai ɗauru amma ba zai ga nesa ba. Zenit na farko zaren 39 gare su su ma, sai dai da madubi a cikinsu dan haka objektif ɗin nesa da fim yake zama. Haka na na'urar buga hoto da muke aiki da ita a ɗaki mai duhu, zare ɗaya aiki daban.

Mushe Ibro:
45,2 ne na Zenit ɗin, Habu, maimakon 28,8. Sai da ƙarin zobe. Kuma tunda an zo nan, wanda duk ya ci karo da Jupiter-12 na 35 ya yi hattara, shi ba ya naɗewa amma gilashin bayan shi ƙato ne a waje tsirara yana kutsawa can ciki, kan masu ƙaramin kaptar irin ta Lawali kar ma a gwada. Haka Elmar 9cm mai naɗewa, bututun shi ya fi na 5cm tsawo nesa ba kusa ba, Sani kar ka ce za ka yi mai abin da kake ma ƙanen shi.

Sani Yamai:
Wannan ko ni ba zan tura ba, ina da hankali ai

Lawali Ɗan Birni:
Jama'a na dawo. Na sayo tiyo wajen kasuwar Dole na yi yadda Mushe ya ce, ya zauna kan tebur daram. Da yamma na zaga bayan fada na ɗauki zanen bangon gidajen Birni da duwatsu, amma rabin hotunan duk sun yi dishi-dishi ko na kai saitin ƙarshe ba ya kamawa, sauran kuma tsaf. Ko buguwar jiya ta gusar da wani gilashi?

Zara'u Foto:
Ba ka kulle shi ba ne hhh ya taɓa yi mini a gaban uwar amarya. Ka jawo shi har ƙarshe sannan ka murɗa dama sai ka ji ya cije. In bai cije ba yana komawa baya kaɗan ba ka lura, musamman naka da ake canza diyafram, wato ƙofar shigar haske, ta gaba da yatsa, kana taɓawa kana tura shi. Ka kuma duba ko tiyon bai yi tsawon da zai hana shi murɗuwa ba.

Mamman Gyara:
Kuma ka tuna ba ya kama abin da bai kai mita 1 ba, kuma a kamararka 50 ɗin nan kamar 75 yake gani, A6000 ba ta da mai hana rawar hannu a jikinta, to in rana ta yi sanyi kar ka sauka ƙasa da 1/125. Kunna launin nan da ke nuna inda saiti ya kama, ka ƙara da zuƙo hoto kahin ka danna.

Lawali Ɗan Birni:
Kai wlh kullewar ce, yanzu na gwada ya cije. Na gode Hajiya. Saura ɗigon nan biyu, ɗaya ya tahi da na hura da robar iska ɗayan ya ƙi, a f/11 in na ɗauki sama yana nan ɓaro-ɓaro.

Mamman Gyara:
Kawo ta in goge ma da abin goge kaptar, minti biyar ne. Amma ban da Alhamis, ranar kasuwa ba na samun kaina. Ka zo Juma'a bayan la'asar, ka taho da Zorkin ma in ga labulenta ko rana ba ta huda shi ba.

Sani Yamai:
Na auna nawa yanzu da regil kamar yadda Mushe ya ce. Ya wuce haƙoran zoben sosai fiye da yadda nike zato gaskiya. Har yanzu dai bai taɓa komi ba.

Baba Mai Hoto Zango:
Lawali in za ka wajen Mamman ka biyo ta Zango, akwai fim biyu da suka rage mini a firjin, a gwada Zorkin ranar hawan Sallah.

Sani Yamai:
Mamman juwan ɗin nan lamba nawa zan ce ma mai moto? Ba wai zan sa ba, tambaya ce kawai.